Ranar da Baba ya ce fiza yake so

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a wani buro, wato ofis, a Agye ba, mahaifina ya kwanta rashin lafiya. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Cadakori, irin wanda in ka sauka daga mota sai ka hau moto, wato babur, in kuma ka yi rashin sa'a ku ƙarasa kuna tura moton cikin yashi kai da mai shi.

Baba manomi ne, gero da wake da 'yar gyaɗa. Mutum ne marar yawan magana. In ka zauna da shi ya ce maka "to" sau biyu, ka samu hira ke nan. Mutanen gari Malam suke ce masa, mu kuma mun taso da sanin cewa a samartakarsa, kafin ya auri mahaifiyata, ya yi shekaru a waje yana neman karatu. Ban san wanda ya fara gaya mini ba. Abu ne dai da kowa ya sani, ba a tambaya.

Bayan girbi ne ya faɗi a gona. Hawan jini. Aka kai shi asibiti a Maraɗi, Allah ya sa ya tashi, sai dai hannun hagu ya yi nauyi. Da aka dawo da shi gida sai wata matsalar ta ɓullo: ya daina cin abinci. Inna ta dama fura da nono mai kauri, ya kau da kai. Ta yi kunun tsamiya, ta yi tuwo miyar kuka da man shanu, ta sa aka yanka zabo. Sai ya kurɓi ruwa kawai ya koma ya kwanta. Mutumin da yake ɗaukar damin gero shi kaɗai ya koma kamar kara. Majo, wato babban ma'aikacin asibitin garinmu, ya ja ni gefe ya ce, "Magani ba ya aiki a cikin da babu komai. In bai ci ba, ni ba ni da sauran dabara."

Wata Asabar na zo duba shi. Bayan la'asar muna zaune ƙarƙashin rumfa, Inna tana yi masa fifita, sai ya buɗe ido ya ce, "Hiza."

Inna ta tsayar da maficin. "Wace Hadiza kuma?"

"Ba Hadiza ba. Hiza nika so. Gurasa ce mai faɗi, da tumatur da cuku bisa."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Fiza yake nufi. Ni kaina, da nake ganin ni ne wayayyen gidan, sau ɗaya tak na taɓa cin ta, a wani taron horo da aka kai mu Yamai. Da wuƙa da cokali mai yatsu na yi kokawa da ita, sannan na ɗauki hoto na sa a waya don abokai su san na ci gaba. To ina wannan dattijo, wanda ko taliyar kanti ba ya ci don ya ce ba ta riƙe ciki, ya ji sunan fiza?

Na kira yayana, ɗan kasuwa ne a Kano. Ya ce, "Kai ne ka nuna masa hotunanka na banza. Ko kuma ciwon ya taɓa kansa." Na kira autarmu da take aure a Yamai, ita kuka ta fashe da shi, wai ta ji ana cewa in marar lafiya ya fara neman abin da bai saba ci ba, to tafiya ta zo. Amma kafin mu ajiye waya kowa ya riga ya ɗauki aniya. Yaya ya ce a bar masa, a Kano akwai wani babban kamfani mai rassa a kowane birni, har ƙasashen Turawa, su ne asalin masu abin. Auta ta ce a babban kantin unguwarsu ana sayar da wadda ake kawowa daga waje a daskare, ita ce ta ainihi, tunda can aka yi ta. Ni kuwa na san wani ƙaramin gidan abinci a Maraɗi, na wani mutum da ya koyo sana'ar a Kwatano. Na faɗa, suka yi mini dariya su biyun.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya zama gasa. Mahaifinmu yana kwance, mu kuma kowa yana so a ce tasa aka ci. Muka sa Juma'a.

Auta ta iso da akwatin ƙanƙara a kan cinya tun daga Yamai, ta sauka a Gidan Rumji ta ɗauki moto. Yaya ya taso da motarsa da sassafe, aka riƙe shi a iyaka, bai iso ba sai bayan an sauko daga masallaci. Ni na tsaya a Maraɗi aka gasa tawa a gabana, na naɗe kwalin da zane na ɗaure a bayan moto. Kafin mu haɗu labari ya zaga gari. Mata sun cika tsakar gida wai sun zo gaida marar lafiya. Baffa ma yana nan, wani tsohon Bafillace abokin Baba tun suna yara, ya jingine sandarsa yana kallon kwalaye kamar an kawo wata sabuwar dabba.

Aka tayar da Baba zaune, aka jingina shi da buhu. Yaya ne babba, shi ya fara. Ya buɗe kwalinsa mai launi, ga nama, ga masara, ga wani farin abu an zane samanta da shi. Baba ya sa babban yatsa ya danna gefenta. Wurin ya lotsa, ya sake tasowa.

"Wagga katifa ce," in ji shi.

Ya gutsuri kaɗan, ya juya a baki, ya tofar a tafin hannunsa. "Sun sa sukari ga kwaɓin. Kuma hannun mutum bai taɓa ta ba."

Yaya ya ce, "Baba, wannan fa duk duniya ita ake ci."

"To duniya ta ci."

Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina. Amma a raina wani abu ya fara damuna: ta ina ya san akwai sukari a kwaɓi?

Ta auta kuwa sai da aka yi aiki. A jikin kwalin an rubuta a sa ta a murhun gashi na kuran, wato wutar lantarki, mu kuwa ko kuran ɗin ba mu da shi. Ƙanƙarar ma ta narke tun a hanya, abin ya yi laɓo-laɓo. Ta ɗora ta a kasko, ta rufe da faranti, ta zuba garwashi a sama. Ƙasa ta ƙone, tsakiya ta tara ruwa. Ta kawo masa haka nan.

Baba ya sunsuna. "Auta, yaushe anka gasa wagga?"

Ta juya kwalin tana karantawa da Faransanci, muryarta tana raguwa. Ashe tun kafin damina aka yi ta, a wata ƙasa ƙetaren teku.

"Ta girmi geron da ke cikin rumbuna ke nan." Ya tura farantin a hankali. "Allah shi yi miki albarka, kin sha ɗawainiya. Amma abin da ya mutu ba a tada shi da garwashi."

Saura tawa. Ta huce, ta karkace gefe ɗaya saboda ramukan hanya, albasa duk ta taru wuri guda. Baba bai kalli samanta ba ma. Ɗaga yanki ɗaya ya yi ya leƙa ƙarƙashinsa, inda wuta ta yi masa ɗigo-ɗigon baƙi.

"Wagga ta ga itace," ya ce.

Ya naɗe yankin biyu da hannu ɗaya, naɗi na wanda ya saba, ya kai baki. Ya tauna. Ya haɗiye. Inna ta dafe ƙirji. Ni har na fara kallon Yaya ta gefen ido, ina shirya abin da zan gaya masa a waje. Sai na juyo na ga hawaye yana bin gemun Baba.

Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba. Ko ranar da aka binne mahaifiyarsa bai yi ba. Ya ajiye sauran yankin ya ce, "Wutar mai gashin ta yi. Amma kwaɓinshi bai kwana ba, gaggawa gare shi." Sannan ya faɗi wata magana da Larabci, da sauri, ba irin Larabcin masallaci ba, irin wanda ake faɗa da shi a kasuwa.

Yaya ya durƙusa gabansa. "Baba, don Allah, ina ka san abin nan?"

"Shekaru na yi ina gasa ta. A Libiya."

Wallahi da rumfar ce ta rufto mana da ba mu firgita haka ba. Yaya ya ce, "Libiya? Ba karatu ka tafi ba?"

"Wa ya ce maka? Da na komo ina jin Larabci, mutane sunka fara ce mini Malam. Na ce musu ni ba malami ba ne. Na faɗa, na sake faɗa, na gaji na bari. Ku kuma cikinku wa ya taɓa tambayata?"

Inna ce ta fara samun bakinta. "Kai yanzu, Malam, duk shekarun nan ina tuƙa maka tuwo, ko da zazzaɓi ko da ciki, ashe kai mai girki ne? Ko albasa ba ka taɓa yanka mini ba!"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, shi ma ya murmusa cikin hawayen. Sai ya ɗaga hannu, aka yi shiru, ya ba mu labarin. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Shekarar babban fari ce, in ji shi. Rumbuna sun ƙare, dabbobi suna faɗuwa a hanya. Shi da ƙanensa suka bi babbar mota zuwa Agadas, daga nan suka ƙetare hamada. Mu mun san Baba ya taɓa yin ƙane da ya rasu yana saurayi, iyakar saninmu ke nan, ko inda kabarinsa yake ba mu taɓa tunanin tambaya ba. A wani gari na bakin teku suka samu aiki wurin wani tsohon Balarabe mai gidan gashi, wanda ubansa ya koya a hannun Turawan Italiya. Ƙanen yana kwaɓi, Baba yana bakin wuta. In an tashi aiki maigidan yakan bar musu ragowar kwaɓi su gasa guda ɗaya, su sa kifin gwangwani da barkono, su yaga biyu da hannu.

"Kullum sai ya cuce ni," in ji Baba. "Shi ka yagawa, shi ɗauki babba, shi ce ai ni na girme shi, na riga na gama girma."

Wata rana zazzaɓi ya kama ƙanen. Bai daɗe ba ya cika. Baba ya wanke shi da hannunsa, baƙin da bai san sunansu ba suka taya shi sallah, aka rufe shi can. Da ya dawo gida mahaifiyarsu ta tare shi a bakin zaure tana leƙen bayansa. Tun daga ranar ba ta sake ambaton yaron ba, shi ma bai sake ambaton tafiyar ba.

"Tun da na kwanta," ya ce, "in na rufe ido shi nika gani. Shina miƙo mini rabi. Kuma wannan karon babban yake miƙo mini."

Inna ta zabura. "A'uzubillahi! Kada ka karɓa, Malam. Ba a karɓar abinci hannun wanda ya riga mu."

"Na sani. Shi ya sa na ce ku kawo mini ita nan, in ci ta masu rai."

Mu muna can muna gardamar kamfani da kanti, ashe mutumin nan tsakanin tafiya da zama yake, yana neman abin da zai riƙe shi.

Baffa ya gyara zama. Hausarsa tana da ɗan karkata irin ta makiyaya. "Ni na raka su har bakin gari rannan," ya ce. "Biyu sun tafi, ɗaya ya komo. Kunya ta hana ni tambaya." Ya ɗauki sandarsa. "Gobe ina kawo cuku ɗanye, wanda bai sha rana ba. Ka gasa taka mu gani."

Haka kuwa aka yi. Kafin magariba aka sayo fulawa da yis. Baba ya nuna Yaya ya ce shi zai yi kwaɓi, tunda shi ne mai ƙarfi. Ku yi tunanin Alhaji guda, mai shaguna a Kano, ya tuɓe babbar riga ya durƙusa gaban ƙwarya, tsoho yana yi masa tsawa: "Da gindin hannu! Wanki kake yi?" Aka rufe kwaɓin da zanen Inna ya kwana. Ni da nake jin na ci gasar, albasa aka ba ni in yanka, kuma sai da aka ce na yi ta da kauri.

Da safe muka shimfiɗa katifa a amalanke muka ɗora Baba, muka nufi Cadakori wurin mai burodi, wanda yake da tanderun ƙasa. Ya gama gashin safe, tanderun yana nan da zafinsa. Aka ajiye wa Baba kujera a bakinsa. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ciki, ya janye, ya ce a ƙara itace ta gefen dama. Mai burodin ya kalle ni, na kalle shi.

Wurin buɗa kwaɓin ne abu ya tsaya. Aikin hannu biyu ne, na hagu kuma ya ƙi. Ya gwada, ya yage. Ya dunƙule ya sake, ya sake yagewa. Na ga fuskarsa ta canja, na ji tsoron kada ya ce a mayar da shi gida. Sai Inna ta matso, ta kama gefe ɗaya. Ya dube ta. Ya ce, "Ja a hankali. In na juya ki sake." Suka yi ta juyawa tsakaninsu har ya yi faɗin faifai. Aka shafa markaɗen tumatur, aka sa albasata, da kifin gwangwani, da barkono, aka marmasa cukun Baffa a sama, aka ɗiga man gyaɗa.

Ba ta daɗe a wuta ba. Ta fito gefenta ya kumbura, ya yi tabon baƙi nan da can. Yaya ya miƙo wuƙa, Baba ya ture ta. Ya sa Inna ta riƙe, ya yaga biyu. Ya tsaya yana kallon rabi biyun. Sannan ya miƙa mata ƙaramin, ya riƙe babban.

Ya cinye shi tas. Muna tsaye muna kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka kamar ba mu taɓa ganin mutum yana cin abinci ba. Auta tana kuka tana dariya. Inna ta ɗanɗana nata ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Yaya ya ce, "Ita ce, Baba?"

"A'a. Babu man zaitun, cukun ma daban ne." Ya share bakinsa. "Amma ta ciwu. Akwai fura kusa?"

Daga ranar ya koma cin abinci. Bai sake neman fiza ba, ko sau ɗaya. Allah ya ƙara masa damina biyu, har ya koma zuwa gona yana zama ƙarƙashin gawo yana ba da umarni. A cikin wannan lokacin kusan kowane ƙarshen mako ina gida, kuma na koyi yin tambaya. Ashe ya iya iyo a teku. Ashe ya taɓa kwana a hannun 'yan sanda saboda takarda. Ashe ƙanen nasa mawaƙi ne, in yana kwaɓi har maƙwabta suke leƙowa. Duk wannan yana cikin mutumin da nake zuwa in gaishe shi a tsaye, in ajiye masa goro da sukari, in fita waje neman inda waya take kamawa.

Wasunku za su tambaye ni, to a cikin ukun wace ta fi? In dai hukuncin Baba za a bi, ta ƙaramin gidan abincin nan ce, don ita kaɗai ta wuce maƙogwaronsa. Ta kamfani yaran unguwa sun cinye ta suna santi. Daskararriyar kuwa kaji ma sai da suka yi shawara. Amma har yau in na tuna, ba wannan ne yake tsaya mini a rai ba. Abin da yake girgiza ni shi ne saura kaɗan mu binne mutumin da ba mu sani ba. Da za mu yi masa addu'a, mu yabi haƙurinsa da shirunsa, mu raba gonarsa, ba tare da mun san ya taɓa wanke ƙanensa shi kaɗai a ƙasar da ba tasa ba. Mun ɗauka shirunsa na rashin abin faɗa ne. Mu da muka je lakol, muka yi boko, muka ga birni, mun ɗauka mu ne muka fara fita duniya a gidan.

Bayan rasuwarsa, da aka gama zaman makoki mutane suka watse, wata safiya na tarar da Inna tana tsince wake a tsakar gida. Na tsaya a kanta na ɗan jima, sannan na ce, "Inna, ke fa? Kafin ki zo gidan nan, ina da ina kika je?"

Ta ɗago ta dube ni, ta dube ni sosai.

"Sai yau?" ta ce. Ta ture faifan gefe. "Ɗauko tabarma. Kuma ka kashe wayar nan."